Ina Ake Yin Zaɓe a Legas?

A ranar 2 ga Oktoba 2018 jam'iyyar APC ta yi zaɓen fidda gwani na gwamna a Legas ta hanyar 'yar tinƙe. Da aka bayyana sakamako, aka ce Babajide Sanwo-Olu ya samu ƙuri'a 970,851, gwamna mai ci Akinwunmi Ambode kuwa 72,901. Bayan wata biyar, ranar 9 ga Maris 2019, aka yi babban zaɓe, wanda duk mai kati a jihar yake da ikon fitowa, ko ɗan jam'iyya ne ko ba ya kowace jam'iyya. Sanwo-Olu ya ci da ƙuri'a 739,445. Wato mutumin da 'yan jam'iyyarsa kaɗai suka ba kusan ƙuri'a miliyan ɗaya, da aka buɗe ƙofa ga jama'ar gari baki ɗaya sai ƙuri'arsa ta ragu da fiye da 230,000. Ko dai 'yan APC sama da dubu ɗari biyu barci ya kwashe su ranar babban zaɓe, ko kuwa lissafin farko a kan tebur aka rubuta shi. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi, kwamitin da uwar jam'iyya ta turo daga Abuja da farko cewa ya yi shi bai gudanar da wani zaɓe ba, kashegari kuma ya fito ya karanta waɗannan alƙaluma.

Duk sanda aka tayar da zancen sahihancin zaɓe a birnin da jam'iyya ɗaya ta kankane, hankalin mutane kan akwati yake tafiya. An sace shi? An yi aringizo? An canza alƙaluma a wurin tattara sakamako? Babu laifi a tambayi haka. Amma a Legas ta yau, akwatin zaɓen da INEC ke shiryawa shi ne inda idanu suka fi yawa: ga na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe, ga 'yan sa ido na gida da na waje, ga waya a hannun kowa. Aikin da ke yanke wanda zai mulki birnin galibi a wasu wurare ake yin sa, inda babu kyamara, kuma doka ba ta cika leƙawa ba.

Tun 1999 gida ɗaya ke riƙe da Alausa, inda ofishin gwamna yake a Ikeja. Sunan jam'iyyar ne ke canzawa: AD, sai AC, sai ACN, sai APC. A 2003, lokacin da PDP ta Obasanjo ta share gwamnonin AD a Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti, Bola Tinubu kaɗai ya tsira da kujerarsa, kuma daga nan ne ya gina abin da ake gani yanzu. Shi ya kawo Babatunde Fashola a 2007, ya kawo Ambode a 2015, ya sauke shi bayan zango ɗaya, ya kawo Sanwo-Olu. Jam'iyyar hamayya ba ta taɓa shiga gidan gwamnatin jihar ba tun dawowar mulkin farar hula.

Sai dai a yi hattara da gajeren lissafin nan da ke cewa tunda kullum su ke ci, ai kullum maguɗi suke yi. Daɗewa a kan mulki ba hujja ba ce a kanta. Alƙaluman INEC ma sun nuna mutanen Legas ba garken da ake korawa ba ne. A 2011 Goodluck Jonathan na PDP ya lashe jihar a zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'a sama da miliyan 1.2, alhali ACN na da nata ɗan takarar, Nuhu Ribadu. Bayan 'yan kwanaki mutanen nan dai suka ba Fashola sama da miliyan 1.5. A 2015 Jimi Agbaje na PDP ya samu 659,788 a gaban 811,994 na Ambode, PDP ta kuma ci kujeru takwas cikin arba'in na majalisar dokokin jiha. Ga kuma babbar shaida, ranar 25 ga Fabrairu 2023: Peter Obi na jam'iyyar Labour ya samu 582,454, Tinubu ya samu 572,606. An kayar da mai gida a tsakar gidansa da ratar ƙuri'a 9,848, har da Ikeja inda yake kaɗa ƙuri'a da Alimosho mai cunkoson jama'a, kuma INEC ta karanta sakamakon haka nan. Da a ce alƙaluman Legas rubuta su kawai ake yi, wannan ce ranar da ba za a taɓa bari ta fita haka ba.

Haka kuma ba a yi wa APC adalci ba idan aka ce ba ta da jama'a. Tana da su, kuma ta san gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda ke zaɓenta don motocin BRT da jirgin ƙasa na cikin gari da gyaran da aka yi wa Oshodi. Akwai waɗanda ke zaɓenta don suna ganin ita ce garkuwar Yarabawa. Akwai kuma rundunar da cin abincinta ya rataya a kanta, kuma a nan ne maganar take.

A duba yadda aka ɗinke birnin. A sama akwai majalisar dattawan jam'iyya da ake kira GAC, wadda babu sunanta a tsarin mulkin ƙasa, babu wanda ya zaɓe ta, amma ita ke cewa wane zai tsaya wane zai janye. A kasuwanni akwai Iyaloja da Babaloja, shugabannin 'yan kasuwa, kuma shugabarsu ta jiha baki ɗaya ita ce Folasade Tinubu-Ojo, 'yar Tinubu, wadda ta hau kujerar a 2013 bayan rasuwar Abibatu Mogaji. A tashoshin mota akwai 'yan ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho, waɗanda ake kira agbero, masu karɓar kuɗin tikiti kullum daga kowace danfo, wato ƙaramar motar bas ta haya, da kowane Keke. A unguwanni akwai ƙungiyoyin ci gaban al'umma da sarakunan gargajiya da gwamna ke ba sandar girma. A ƙasa kuma ga ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, da wasu 37 da gwamnatin Tinubu ta ƙirƙira a 2003, waɗanda a kansu Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar har aka je Kotun Ƙoli. Kowace ɗaya da ciyaman, da mataimaki, da kansiloli, da masu ba da shawara, da 'yan kwangila. Duk wannan yana zaune ne a kan kuɗin shiga na cikin gida da ya haura Naira biliyan 800 a 2023, abin da babu jihar da ta kama ƙafarsa.

Wannan tsari ba ya buƙatar satar akwati a ranar da komai ke tafiya daidai. Mai shago ya san wanda zai iya rufe kasuwa da sunan rashin tsafta. Direba ya san wanda zai hana shi lodi. Ba sai an ce masa komai ba. Bahaushen da ke sayar da tumatir da albasa a Mile 12, ko mai dabbobi a Alaba Rago, ko mazaunin Agege da Idi-Araba, ya fi kowa sanin wannan, domin zamansa a garin ya dogara da lamunin hukuma. 'Yan acaɓa, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, sun ga yadda aka hana su manyan hanyoyi a 2020, aka sake tsanantawa a 2022, ana kama babura ana murƙushe su. Saboda haka idan zaɓe ya zo, shugabannin al'umma kan je a zauna da masu gari a yi yarjejeniya, a dawo a ce jama'a ga inda muka dosa. Wanda ya bi ba a tilasta masa ba a idon doka. Amma a ce zaɓinsa ne shi kaɗai da zuciyarsa, wannan kuma da sauran magana.

Abin da ya faru a makonni uku tsakanin 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris 2023 shi ya fi komai bayyana yadda injin ke aiki idan ya ji tsoro. Zaɓen gwamna da ma ranar 11 ga Maris aka tsara shi, INEC ta ɗage da mako ɗaya don sake saita na'urorin BVAS. Da aka ƙirga, Sanwo-Olu ya samu 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na Labour 312,329, Abdul-Azeez Adediran na PDP, wanda aka fi sani da Jandor, 62,449. Cikin kwana 21 Labour ta yi asarar ƙuri'a 270,125, APC ta ƙaru da 189,528. Jam'iyyar da ta lashe jihar a Fabrairu, ƙaramar hukuma ɗaya tak ta samu a Maris, Amuwo-Odofin.

Wani ɓangare na wannan juyi yana da bayani mai tsafta, kuma magoya bayan Labour ba sa son jin sa. Rhodes-Vivour ba Obi ba ne. Da yawa cikin waɗanda suka ƙi Tinubu a Fabrairu sun ƙi shi ne saboda tikitin Musulmi da Musulmi, ko saboda wahalar canjin kuɗi da ƙarancin mai, ko saboda fushin harbin masu zanga-zangar EndSARS da aka yi a Lekki ranar 20 ga Oktoba 2020. Sanwo-Olu kuwa Kirista ne, kuma bayan kayen ya bazama kasuwanni da coci-coci da unguwanni yana roƙo kamar wanda bai taɓa riƙe mulki ba. Matasan da suka sha rana a Fabrairu sun ga an ayyana Tinubu ranar 1 ga Maris, sun ga shafin IReV, inda INEC ke ɗora sakamakon rumfuna, ya kasa ɗaukar sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kan lokaci, gwiwarsu ta yi sanyi. 'Yan APC da suka yi sakaci a karon farko kuwa sun farka, domin yanzu tukunyar gidansu ce a kan wuta. Akwai ma batun takardar kuɗi: Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun Naira su ci gaba da aiki ranar 3 ga Maris, Babban Banki ya bi umarnin ranar 13, kwana biyar kafin zaɓe. Kuɗin hannu da suka yi ƙaranci a Fabrairu sun fara dawowa, kuma kowa ya san amfaninsu a bakin rumfa.

Ɗaya ɓangaren kuma ba shi da tsafta ko kaɗan. An mayar da yaƙin neman zaɓe na ƙabilanci tsantsa. Saboda mahaifiyar Rhodes-Vivour da matarsa Inyamurai ne, aka riƙa kiransa da sunansa na Ibo, Chinedu, ana cewa baƙi na shirin ƙwace garin, alhali danginsa na uba tsofaffin 'yan Legas ne. Musiliu Akinsanya, wato MC Oluomo, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin kula da tashoshin mota na gwamnatin jiha, ya fito a bidiyo yana cewa “Iya Chukwudi”, wato maman Chukwudi, sunan Inyamurai, ta zauna a gida idan ba za ta zaɓi APC ba. Da aka yi ca, ya ce wasa yake yi da wata maƙwabciyarsa, kakakin rundunar 'yan sanda na ƙasa ma ya ce a ɗauke shi a matsayin wasa. A wasu unguwanni aka sanar da bikin Oro a kwanakin da suka gabaci zaɓe, al'adar da ke hana mata da baƙi fita da dare. Ranar zaɓe kuma rahotanni da bidiyoyi suka yi ta fitowa na 'yan daba suna zagaya layuka suna cewa wanda ba zai dangwala wa tsintsiya ba kada ya fito, ana duba fuska ana jin harshe ana korar mutane, ana fasa akwatuna a rumfunan da aka san Labour ta yi ƙarfi a Fabrairu. Tawagar sa ido ta Tarayyar Turai ta ambaci Legas cikin jihohin da tarzoma da tsoratarwa suka tauye wa mutane 'yancin zaɓe a ranar. Ba sabon abu ba ne kuma. A 2015 Oba na Legas, Rilwan Akiolu, ya gaya wa shugabannin Inyamurai cewa wanda ya ƙi Ambode ruwan lagun zai ci shi, a 2019 kuma an ƙona ƙuri'u a Okota.

To a cikin 270,125 ɗin nan, nawa ne suka canza ra'ayi, nawa suka yi fushi suka zauna, nawa aka kora? Ba lissafi ba ne da alƙaluma za su warware, kuma a ganina nan ne gaba ɗaya matsalar take. BVAS tana tantance wanda ya iso gabanta ne. Takardar sakamakon rumfa, EC8A, tana rubuta ƙuri'ar da ta shiga akwati ne. Matar da ta leƙo ta taga ta ga samari da kwalabe a bakin layi ta koma ciki, babu inda sunanta zai fito. A takarda ita da wanda ya tafi ƙauye da wanda ya mutu tun 2016 duk abu ɗaya ne: ba su zo ba. Fasaha ta toshe ƙofar aringizo sosai, sai masu ɓarna suka koma kan hana fitowa, wanda ya fi arha kuma ba ya barin sawu. Ina ganin ko ba a kori kowa ba Sanwo-Olu yana iya cin zaɓen, don ratar 449,805 ba ƙarama ba ce. Amma wannan ba ya wanke komai. Jam'iyyar da ke da tabbacin ci ta kuma ga sai ta saki 'yan daba, ta gaya wa duk mai niyyar tsayawa takara a gaba irin tarbar da ke jiransa.

Kotu ma ba ta da maganin wannan ciwo, ba don alƙalai duk sun lalace ba, sai don yadda aka gina dokar. Mai ƙorafi yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Dole ya nuna an saɓa doka, ya kuma nuna saɓawar ta kai girman da za ta canza sakamako. Idan zargin na aikata laifi ne kamar duka da fasa akwati, sai ya tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto ba, kuma kotuna sun saba neman shaidar wanda ya gani da ido, rumfa bayan rumfa. Legas na da rumfunan zaɓe 13,325. Wa zai tara shaidu dubbai cikin mako uku, mutanen da bayan sun fito daga kotu unguwar nan za su koma su kwana? Shi ya sa batun da ya kai shari'ar Rhodes-Vivour har Kotun Ƙoli bai kasance na korar masu zaɓe ba. Batun takardar zama ɗan Amurka ta mataimakin gwamna Obafemi Hamzat ne. Ranar 12 ga Janairu 2024, ranar da aka tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa ta Kano, kotun ta tabbatar da Sanwo-Olu. Lauyoyi kan bi ta inda ake iya kawo takarda ne.

Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. A 2023 Legas na da masu rajista 7,060,195, fiye da kowace jiha, Kano na biye da 5,921,370. Amma a zaɓen gwamna, Abba da Nasiru Gawuna su biyu sun haɗa ƙuri'a sama da miliyan 1.9, manyan 'yan takara uku na Legas kuwa ba su kai miliyan 1.2 ba. Gwamnan birni mafi arziki a ƙasar ya hau kujera da yardar kusan mutum 11 cikin kowane 100 da ke rajista. Ƙuri'ar da ta ba Fashola nasara a 2011 ta ninka ta Sanwo-Olu kusan sau biyu, alhali rajistar ƙaruwa ta yi. Lallai rajistar ta kumbura da matattu da waɗanda suka bar gari da waɗanda suka yi katin don banki kawai. Wataƙila kuma alƙaluman da ake samu kafin zuwan na'urar tantancewa a 2015 ba duka ne na mutane masu rai ba, a Legas da ko'ina. Amma ko an cire duk wannan, mafi yawan mutanen Legas ba sa fita. Wannan kuwa daɗi yake wa mai injin. Idan mutum miliyan ɗaya da 'yan kai ne za su yi zaɓe, wanda ke da dubu ɗari bakwai a aljihu, 'yan kasuwa da 'yan tasha da ma'aikatan ƙananan hukumomi da iyalansu, ya gama. Fabrairun 2023 ta ba su tsoro ne domin wasu da ba su saba fita ba sun fito.

Inda kuwa ake cire kunya gaba ɗaya shi ne zaɓen ƙananan hukumomi. Ba INEC ke yin sa ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, LASIEC, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da kwamishinoninta, majalisar da jam'iyyarsa ta cika ta amince, baitulmalin jiha ya biya su. A Yuli 2021 APC ta ci kujerun ciyaman 57 cikin 57. A ranar 12 ga Yuli 2025 ta sake cin 57 cikin 57, da kansiloli 375 cikin 376. A jihar da shekara biyu kafin nan Labour ta ci zaɓen shugaban ƙasa, ta ci kujerar majalisar wakilai ta Eti-Osa da wasu, ta ci kujeru biyu a majalisar jiha, an ce ko mazaɓar kansila ɗaya ba ta iya kamawa ba, har a Amuwo-Odofin.

A nan babu wanda zai yi wa Legas dariya daga Arewa. A Kano, hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta ba APC ƙananan hukumomi 44 cikin 44 a 2018, zaɓen da bidiyon yara ƙanana suna dangwala ya zagaya duniya, ta sake ba ta duka a 2021. Gwamnati na canzawa, a Oktoba 2024 NNPP ta kwashe 44 cikin 44 da kansiloli 484. Mutanen Kano ba su rikiɗe cikin dare ɗaya ba, mai naɗa hukumar ne ya canza. Kaduna ta gwada wata hanya: a 2018 da 2021 an yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a, PDP ta ci ƙananan hukumomi da dama, har gwamna Nasir El-Rufai ya faɗi a rumfarsa a 2021. Da aka ajiye na'urar, a 2024 APC ta ci 23 cikin 23. A Abuja kuwa, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 raba su aka yi uku da uku tsakanin APC da PDP. Waɗannan misalai sun isa su nuna cewa cin ɗari bisa ɗari halin hukumar ne, ba halin masu zaɓe ba.

Illar wannan ta wuce kujerar ciyaman. Ƙaramar hukuma ita ce makarantar 'yan siyasa. Jam'iyyar da ba ta da kansila ko ɗaya ba ta da abin da za ta nuna ta yi, ba ta da inda za ta horar da matasa, ba ta da kuɗin riƙe ofis a mazaɓa. Idan babban zaɓe ya zo ba za ta iya tsayar da wakili a kowace rumfa ba, rumfar da babu wakilin hamayya kuwa ita ce wadda malamin zaɓe ke zama shi kaɗai da mutanen gefe ɗaya. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma sai zaɓaɓɓu, kwaɗayin gwamnoni na kada ko ɗaya ta kuɓuce musu ƙaruwa ya yi.

Su ma 'yan hamayyar Legas suna da nasu kason laifin. PDP ta shafe shekaru tana faɗa da kanta fiye da yadda take faɗa da Tinubu. Daga cikin 'yan majalisa takwas da ta samu a 2015, yawancinsu sun sauya sheƙa kafin wa'adi ya ƙare, a 2019 APC ta koma da 40 cikin 40. Musiliu Obanikoro, wanda ya yi wa PDP takarar gwamna a 2007, ya koma APC. Jandor daga APC ya fito, ya yi takara a PDP, a 2025 ya koma inda ya fito. A Maris 2023 Labour da PDP sun kasa haɗa kai a kan mutum ɗaya. Mai zaɓen da ya sa kansa a haɗari don ɗan takara, ya wayi gari ya gan shi yana ɗaga tsintsiya, ba sai an turo masa 'yan daba a karo na gaba ba. Da kansa zai zauna a gida.

Idan hamayya ta zama haka, gasar gaskiya cikin jam'iyya take komawa, kuma can ne kariyar mai zaɓe ta fi rauni. INEC ba ta gudanar da zaɓen fidda gwani, sa ido kawai take yi. Rajistar 'yan jam'iyya a hannun shugabannin jam'iyya take. Babu BVAS, babu shafin ɗora sakamako. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda da maslaha a matsayin hanyar fitar da ɗan takara muddin sauran masu nema sun sa hannu sun janye, kuma samun sa hannun mutumin da kwangilarsa da makomarsa ke hannunka ba abu ne mai wuya ba. Wannan shi ake kira ɗauki-ɗora a ko'ina, amma a jihar da tikitin jam'iyya ɗaya kusan shi ne kujerar, ɗauki-ɗora shi ne zaɓen.

Masu neman gyara sun fi karkata ga a soke hukumomin zaɓe na jihohi a miƙa wa INEC aikin. Sakamakon Abuja yana goyon bayansu, kodayake hakan na buƙatar gyaran tsarin mulki da amincewar majalisun jihohi 24, wato majalisun da gwamnonin nan ke juyawa. Hukumar hukunta masu laifukan zaɓe da kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafawa tun 2008 har yanzu ba ta tabbata ba, kuma ita ce da za ta fi amfani a kan irin abin da aka gani a Maris 2023, domin hukunta wanda ya kori masu zaɓe ba ya buƙatar a nuna korar ta canza sakamako. Ni dai na fi ganin muhimmancin wannan ta biyun a Legas. Ɗan daba ɗaya da mai ɗaukar nauyinsa a gidan yari sun fi sabuwar na'ura tasiri a Okota da Surulere.

Ko waɗanda aka zaɓa ɗin ma ba su ke da ta cewa ta ƙarshe ba. Ranar 13 ga Janairu 2025 mafi rinjayen 'yan majalisar dokokin jihar suka tsige kakakinsu Mudashiru Obasa, ɗan majalisa mai wakiltar Agege, yana ƙasar waje, suka naɗa Mojisola Meranda, mace ta farko a kujerar. Kusan dukansu 'yan APC ne, rikicin cikin gida ne zalla. Aka turo dattawan jam'iyya, Bisi Akande da Olusegun Osoba, tsofaffin gwamnonin Osun da Ogun, su sasanta. Bayan kwana 49, ranar 3 ga Maris, Meranda ta sauka ta koma mataimakiya, 'yan majalisar da suka tsige Obasa suka mayar da shi kan kujerarsa.